Kafin Ki Tafi Santo Domingo Gyaran Jiki, Ki Fara Shirya Dawowarki Accra

Labarin Santo Domingo, babban birnin Jamhuriyar Dominika, ta unguwar Bronx da take New York yake shigo mana. Da wuya ki bi layi a Nima ko Maamobi, unguwanninmu na Accra, ba ki tarar da gidan da yake da ɗa ko 'ya a New York ba, kuma a can 'yan'uwanmu maƙwabtan mutanen Jamhuriyar Dominika ne, shagon gyaran gashi ɗaya, kantin cefane ɗaya. A bakinsu ake jin cewa a ƙasarsu ana zuƙe kitse, a gyara tumbi, a cika mazaunai, a kan kuɗin da bai kama ƙafar na Amurka ba. Daga nan sai hotuna su faɗo WhatsApp, sai a riƙa jan hannuna gefe a wurin suna ko biki ana tambayata ƙasa-ƙasa: "Anti nas, wai da gaske ne? Nawa zan tara?"

Ni nas ce, kuma wankin ciwo ne yawancin aikina, saboda haka ƙarshen irin wannan tafiya ne yake isowa hannuna. Ba zan ɓoye miki ra'ayina ba: ba na son ki tafi, musamman idan cika mazaunai ne, wanda ake ce wa BBL. Amma na san akwai waɗanda suka riga suka ƙudurta, har sun shiga adashi dominsa, kuma faɗa ba ya mayar da su. Domin su nake wannan rubutu.

Abu na farko da za ki sa a ranki shi ne, shawarar 'yar Bronx ba taki ba ce. Ita tsakaninta da Santo Domingo kamar awa huɗu ne a jirgi, idan ciwo ya ɓaci tana iya komawa wurin wanda ya yanka ta. Ke babu jirgin da zai ɗauke ki daga Accra ya sauke ki can kai tsaye, kuma ranar da ɗinki ya buɗe kina ɗakinki a Nima, likitan yana bayan teku, agogonsa yana bayan namu da awa huɗu, yarensa Sifaniyanci. Don haka daga ƙarshe ake faro shirin: wa zai kula da ni idan na dawo, kuma da wane kuɗi?

Ki fara da malami

Mu musulmi ne, ba zan tsallake wannan ba. Malamai suna raba tsakanin gyaran lahani da canja halitta don kwalliya. Hujjarsu a gyaran lahani ita ce ta sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka sare wa hanci a yaƙi tun zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi masa wari, sai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi ya sa na zinariya. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen musulmi ta zauna a Malesiya a 2007 ta fitar da matsaya: gyaran ƙuna, da leɓen da aka haifa a tsage, da mayar da nonon da aka cire saboda ciwo, duk sun halatta, amma canja lafiyayyar halitta don kwaikwayon wasu bai halatta ba. Matar da tumbinta ya zubo bayan haihuwa da yawa har fatar ƙarƙashinsa tana gyambo ba ɗaya take da budurwar da take son ƙirar wata da ta gani a TikTok ba. Ki kai wa malamin da kika amince da shi maganarki yadda take, kada ki rage, kada ki ƙara.

Jikinki zai ɗauka?

Kafin ki aika wa kowa ko sidi ɗaya, ki je a auna ki a nan gida. A asibitin Korle Bu akwai cibiyar gyaran jiki da jinyar ƙuna ta ƙasa, a Kumasi kuma akwai masu wannan fanni a asibitin Komfo Anokye. Ki nemi ganin likitan fannin, ki faɗa masa niyyarki ba kunya. Amfanin wannan biyu ne. Zai gaya miki ko aikin ya dace da ke, wataƙila ma ya nuna miki ana yin sa a nan, inda mahaifiyarki za ta iya hawa trotro ta zo ta duba ki. Kuma kin sami wanda ya san ki tun kafin wuƙa ta taɓa ki, wanda za ki koma wa idan kin dawo.

A gwada ƙarfin jininki. Mace idan ma'auninta bai kai 12 ba ana lissafa ta cikin masu ƙarancin jini, kuma da yawanmu a ƙasa da haka muke yawo saboda haila mai yawa, ko ƙarin mahaifa, ko zazzaɓin cizon sauro. Zuƙe kitse yana tafiya da jini. A auna suga, a auna hawan jini, a duba zuciya. Sai kuma sikila, wadda likitan can ba lallai ta zo masa a rai ba kamar yadda take zuwa wa namu. A Ghana kimanin jarirai 2 cikin 100 da ita ake haifarsu, masu ɗauke da ƙwayarta kuwa ba a magana, kuma nau'in C ya yawaita a cikin 'yan arewa. Ki san rukuninki, ki riƙe takardar. Mai SS ko SC, ina roƙonki da Allah, ki bar wannan magana gaba ɗaya.

Akwai abin da ya shafe mu baƙar fata musamman, wato tabo mai tudu, irin wanda yake fitowa a bayan kunne bayan huji, ya yi ta girma yana ƙaiƙayi. Idan kin taɓa yin sa, ko yana bin danginku, ki tuna yankan gyaran tumbi daga wannan ƙugu yake zuwa wancan. Idan kuma ba ki gama haihuwa ba, ki dakata, domin ciki na gaba zai warware aikin.

Ki faɗi duk abin da kike sha da abin da kike shafawa. Man bilicin, musamman haɗin da ake zuba maganin da yake siranta fata, yana hana ciwo haɗewa, kuma na sha ganin ɗinki yana yage fata irin wannan. Ƙwayar sha-ka-fashe da wasu suke ɗirka don su tara kitsen da za a zuƙa tana iya ta da suga da hawan jini. Taba da shisha a bar su aƙalla mako huɗu kafin aiki da bayansa. Ƙwayar tazarar haihuwa irin wadda ake haɗiya kullum, wasu nau'o'inta suna ƙara haɗarin daskarewar jini, shi ya sa likitoci sukan sa a dakatar da ita mako huɗu kafin babbar tiyata. Asfirin, jiƙe-jiƙe, kayan mata, allurar rage ƙiba, duk ki lissafa wa likitan sa barci. Ba don ya yi miki dariya yake tambaya ba, da abin da kika gaya masa yake auna maganin da zai ba ki.

Zaɓen likita, inda rai yake

A nan zan daɗe. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ƙirga 'yan ƙasarta 93 da suka rasu bayan tiyatar kwalliya a Jamhuriyar Dominika tsakanin 2009 da 2022, kuma a 2020 kaɗai an rasa 17. Wannan 'yan Amurka ne kawai, waɗanda suke da ofishin jakadancin da yake rubuta sunayensu. Da aka bincika gawarwakin wasu daga ciki, abin da ya kashe mafi yawansu biyu ne: kitse ya shiga jijiya ya toshe huhu, ko jini ya daskare ya je ya toshe shi. Yawancinsu masu ƙiba ne, kuma an haɗa musu aiki biyu ko fiye a kwanciya ɗaya.

Ga yadda na farkon yake faruwa. A cikin tsokar mazaunai da ƙarƙashinta akwai manyan jijiyoyin da suke mayar da jini zuciya. Idan likita ya zurfafa ƙarfen da yake tura kitse da shi har ya huda ɗaya, kitsen yakan bi jini ya wuce zuciya ya tsaya a huhu, mace ta cika a kan gadon tiyata ko cikin 'yan awoyi. Wani binciken likitocin fannin da aka fitar a 2017 ya ƙiyasta mutuwa ɗaya a cikin kimanin 3,000 na wannan aiki, abin da ya sa aka riƙa kiransa mafi haɗari a duk tiyatar kwalliya. Daga baya aka tsaya a kan cewa a ƙarƙashin fata kawai ake zuba kitsen, a saman tsoka, kuma a 2022 hukumar likitocin jihar Florida ta Amurka ta wajabta a riƙa kallon bakin ƙarfen da na'urar sikanin, irin wadda ake duba mai juna biyu da ita. To, ki tambayi likitanki da bakinki: a ina kake zuba kitsen, kuma kana dubawa da na'ura? Idan ya kauce wa amsa, ko ya ce miki a tsoka ya fi zama, ki rufe maganar.

Amma kafin ki kai ga tambaya, ki tabbatar likitan fannin ne. Ƙungiyar likitocin gyaran jiki ta ƙasar sunanta SODOCIPRE, tana da jerin mambobinta a intanet. Ki nemi cikakken sunansa a can da kanki, kada ki dogara da hoton takardar da dillaliya ta turo miki. Dillalan nan kamasho suke ci a kan kowace mace, kuma yawan mabiya a Instagram ba shaidar karatu ba ce. Ki nace sai kun yi kiran bidiyo da shi kansa, da mai fassara idan Turancinsa bai isa ba. Wanda ya kalli hotonki uku ya yanka miki farashi bai tambayi jininki ko haihuwarki ba, ciniki yake yi.

A wannan kiran ki ji mutum nawa yake yi wa aiki a rana, kuma shi ne zai riƙe ƙarfen daga farko har ƙarshe ko yaransa. Ki ji ko mai sa barcin cikakken likita ne da zai tsaya a kanki har ki farka. Ki ji ko wurin yana da sashen kulawa ta musamman da ma'ajiyar jini, in babu, wane asibiti ake kai mutum kuma minti nawa ne. Ki ji lita nawa zai zuƙa, domin abin da ya haura lita 5 babban aiki ne da yake buƙatar kwana a asibiti ana sa ido. Ki ji matakin da yake ɗauka don hana jini daskarewa.

Sai jarabar da ta fi kama mu 'yan nesa. Tunda kuɗin jirgi ya yi yawa, sai zuciya ta ce a haɗa komai lokaci ɗaya, tumbi da nono da baya da hannuwa, su kuma su yi miki rangwame a kan haɗin. Araha ba ta ado. Duk awar da kika ƙara a cikin barcin tiyata ƙarin zubar jini ce da ƙarin haɗarin daskarewarsa, kuma likitocin fannin ba sa son aikin kwalliya ya wuce awa 6. Ki zaɓi ɗaya, wanda ya fi damun ki. Kada kuma ki ɗauka tsada kaɗai tana tsare mutum. Stella Obasanjo matar shugaban Nijeriya ce mai ci lokacin da ta rasu a Sifen a watan Oktoba na 2005 bayan aikin zuƙe kitse.

Hanya da kuɗi

Ko ki bi ta Amurka, ko ta Turai. Ta Amurka sai da bizar Amurka ko da canjin jirgi kawai za ki yi. Ta Turai kuma fasfon Ghana yana cikin waɗanda ƙasashen Shengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya, suke nema wa bizar wucewa ta filin jirgi, sai dai idan kina riƙe da irin bizar da take ɗauke miki wannan. Mai bizar Amurka, Kanada, Ingila ko Shengen da ba ta ƙare ba tana iya shiga Jamhuriyar Dominika a matsayin baƙuwa, kwana 30 ake bayarwa, kuma akwai fom na shiga da fita da ake cikewa a intanet. Dokokin nan suna canjawa, ki tabbatar da su a wurin kamfanin jirgin kafin ki biya. Ki tafi da katin rigakafin shawara. Ki sayi tikitin da ake iya ɗaga ranarsa. Daga Yuni zuwa Nuwamba lokacin mahaukaciyar guguwa ne a yankin, jirage sukan tsaya, wuta takan ɗauke.

Farashin da aka turo miki na ranar aiki ne. Ki ɗora jirgin mutum biyu, masauki, magunguna, rigar matsi, tausa, gwaje-gwajen da za su sake, da kuɗin jini idan an buƙaci ƙari. Sannan ki ware wani kuɗi dabam a Accra wanda ba ki taɓawa, na jinyar dawowa. Katin inshorar lafiya na ƙasa bai ɗauki tiyatar kwalliya ba, bai ɗauki jinya a ƙasar waje ba, inshorar tafiya ta yau da kullum ma yawanci tana cire matsalar da ta biyo bayan aikin da mutum ya je yi da kansa. Idan kuɗinki bai kai ga wannan ajiya ba, bai kai ga tafiyar ba.

Na ce mutum biyu, kuma da gaske nake. Na san yadda ake yi: a ce wa gida an tafi saro kaya Dubai, ko an je ganin ƙanwa a Amurka. Wannan ɓoyon yana tayar mini da hankali fiye da komai. Wa zai sa hannu idan ana buƙatar ƙara miki jini kina sume? Wa zai lura numfashinki ya canja da tsakar dare? Idan ta Allah ta kasance, wa zai tsaya a yi miki sutura irin tamu? Mijinki ko mahaifiyarki su sani, su riƙe sunan likita da na asibiti da lambar masauki, kuma wani naki ya bi ki.

Zaman can

Bayan kwana ɗaya ko biyu za a mayar da ke gidan jinya, irin gidajen da ake haya wa baƙi masu tiyata. Gida ne, ba asibiti ba. Ki tambaya tun kina nan ko akwai nas mai lasisi da take kwana, mace nawa ake sa wa a ɗaki, da nisansa da asibitin. A ƙasar 911 ake kira don gaggawa. Ki sa mai rakiyarki ta haddace "no puedo respirar", wato ba na iya numfashi.

Tallar takan nuna miki bakin teku, Boca Chica ko Punta Cana, kamar hutu za ki. Mai robar tsane ruwa a ciki da rigar matsi ba ta shiga teku, ba ta shiga kwamin wanka, rana kuma tana ƙara wa sabon tabo baƙi. Kada ruwan famfo ya taɓa ciwon. Mai tausa ta wanke hannu ta sa safa a gabanki, kuma kada ki yarda kowa ya buɗe miki ɗinki ya matse ruwa a ɗakin kwana. Ki tashi ki riƙa takawa kaɗan-kaɗan daga lokacin da aka ba ki izini ko da ciwo, domin kwanciya ce take daskarar da jini. Sauron can yana kawo zazzaɓin dengi, ki tafi da gidan sauro da man shafawa.

Abincinsu ba zai yi miki baƙunta ba, shinkafa da wake ne da nama, da dafaffiyar ayaba da ake kirɓawa. Sai dai naman alade ya yawaita, har a cikin salamin da ake haɗawa da karin kumallo, saboda haka ki riƙa cewa "sin cerdo", wato ban da alade, ko ki tsaya a kifi da ƙwai. Akwai masallacin Al-Noor a Santo Domingo, mai rakiyarki tana iya neman jagora a can. Salla kuwa a zaune ko a kwance ta inganta ga wanda ba ya iya tsayuwa, ki tambayi malaminki hukuncin shafa a kan bandeji da taimama tun kafin ki tashi.

Dawowa

CDC ta ce kada a hau jirgi sai an yi kwana 10 bayan aikin ciki ko ƙirji. Wannan mafi ƙaranci ne. Mai dawowa Accra jirgi biyu za ta hau, ɗaya na tsallake teku, ga zaman jira a tsakani, don haka ni mako uku nake ba da shawara, kuma sai likitan ya duba ki ya cire robar ya rubuta cewa kin isa tafiya. Mai BBL an hana ta zama a kan mazaunai makonnin farko, ki yi tunanin yadda za ki yi da kujerar jirgi. Ki nemi kujerar bakin hanya, ki sa safar matsi, ki riƙa tashi kina zagayawa, ki sha ruwa sosai.

Kada ki bar ƙasar ba tare da takardunki ba: rahoton abin da aka yi, yawan kitsen da aka zuƙa da wanda aka zuba, sunayen magunguna, da katin robar nono idan an sa miki. A fassara su da Turanci, domin likitocinmu ba Sifaniyanci suke karantawa ba. Wata baiwar Allah daga unguwarmu ta dawo babu ko ƙyallen takarda, ciwo yana ruwa, ita kanta ba ta san sunan rabin abin da aka yi mata ba, kuma wurin da aka yi aikin suka daina amsa saƙonta. Lalube aka yi ta yi a kanta kafin a gano bakin zaren, ta sha wahalar da takarda ɗaya za ta rage mata.

Idan numfashi ya yi miki wuya, ko ƙirji ya riƙe, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, asibiti za ki nan take ko da ƙarfe biyun dare ne. Idan zazzaɓi ne, kada ki ce sauro ne ki aika yaro kemis, domin yana iya zama dengi, yana iya zama ciwon ne ya kamu.

Akwai kuma wata cuta mai zuwa a makare, wadda nake so ki riƙe sunanta: Mycobacterium abscessus. Dangin ƙwayar tarin fuka ce, tana zaune a ruwa da ƙasa, tana shiga ta kayan aikin da ba a tsabtace su da kyau ba. A 2013 da 2014 an sami kimanin mata 20 a Amurka da suka kwaso ta daga tiyata a Jamhuriyar Dominika, aka sake samun wasu a 2017. Ba ta nuna kanta da wuri. Sai bayan makonni, kin ɗauka kin warke, ki ga ƙulluttai masu ciwo a wurin ɗinki ko inda aka zuba kitse, suna fashewa suna fitar da ruwa, wannan ya rufe wancan ya buɗe. Magungunan da aka saba bayarwa ba sa jin ta, jinyarta watanni take ɗauka da magani fiye da ɗaya, sau da yawa har sai an sake yanka an kwashe wurin. Kada ki sa zuma, kada ki sa toka ko man kaɗanya, kada ki bari a yi ta canja miki ƙwaya a kemis. Ki je wurin likitan da ya gan ki kafin tafiya, ki gaya masa ƙasar da aka yi aikin da ranar da aka yi shi, ki roƙi a ɗebi ruwan ko ɗan naman wurin a kai ɗakin gwaji, a rubuta a takardar cewa a nemi ƙwayoyin dangin tarin fuka, domin gwajin yau da kullum yakan tsallake su.